KUƊIN HANYA DA KWALBATI: WA ZAI TSARE MANA SU?

Jawabin Magatakardan reshen jam'iyya ga 'yan kasuwar Kwatarkwashi

Iyayena da yayyena, 'yan kasuwa maza da mata, da sauran 'yan'uwana talakawa. Maganar da na kawo muku yau ta kuɗi ce, watau kuɗin manyan ayyuka da Ƙaramar Hukuma ta ke kashewa kan hanya, da kwalbati, da lambatu, da juji, da tashar mota.

Da farko mu san abin da ya ke hakkin wa. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Funtuwa ta bi Tsafe, ta ratsa nan ƙasarmu ta shiga Gusau, ta Gwamnatin Tarayya ce. Amma hanyoyin ƙauyuka da a ke ɗauko gero da dawa da wake a kawo kasuwa, da magudanan ruwa na cikin gari, da kasuwa, da tasha, da mahauta, da kwashe shara, duk Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa su a Jadawali na Huɗu cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma. Mu kuwa a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu mu ke, ɗaya daga cikin 14 na Jihar Zamfara. Saboda haka in ruwa ya gangaro daga kan dutse ya cinye hanya, ko ya shiga rumfuna ya jiƙa kaya, kada wani ya ce mana mu tafi Abuja. Ƙofar da za mu ƙwanƙwasa tana nan kusa.

Wannan kokawa ba yau aka fara ta ba. Zamanin En'e talaka ya kan biya haraji da jangali, amma bai isa ya tambayi abin da ke cikin baitulmali ba. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a shekarar nan kuma aka kafa NEPU a Kano. A 1976 aka soke tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Daga 1999 kuɗinsu ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da Gwamnatin Jiha, sai ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai za su riƙe su. To, yanke hukunci dabam, aiki da shi dabam. Ko da kuɗin ya iso, in babu mai tsaro, an dai sauya wa ɓera rumbu ne kawai.

Mai tsaron nan shi ne kansila. Ba mu zaɓe shi don zuwa suna da ɗaurin aure ba. Kuɗin aiki ƙofa uku ya kan bi ya ɓace, kuma wajibi ne kansila ya tsaya a bakin kowace.

Ƙofa ta farko ita ce ƙiyasin kuɗi na shekara. Ciyaman ya kan kawo shi gaban kansiloli su amince. In aka rubuta "gyaran hanyoyi" kurum, babu suna, babu tsawo, to an buɗe wa ɓarna hanya. Sai a faɗi daga wane ƙauye zuwa wane, kilomita nawa, burji ne ko kwalta, kwalbati nawa, naira nawa.

Ta biyu ita ce ba da kwangila. A yi shela, masu iyawa su kawo farashinsu, a buɗe takardu a bainar jama'a. Sa'an nan a kafa allo a wurin aiki da sunan ɗan kwangila da kuɗin da ranar gamawa.

Ta uku ita ce biya. Ma'aji ba ya fid da kuɗi sai injiniya ya sa hannu cewa an yi aiki. Kafin wannan hannu, kwamitin kansiloli ya je da ƙafarsa ya auna, tare da mutanen wurin, gama gani ya kori ji. In an ce rashin tsaro ya hana zuwa dubawa, sai mu ce: wanda ya iya kai siminti can, ya iya kai mai dubawa. Kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har damina ɗaya ta wuce, domin ruwan Agusta ba ya karɓar cin hanci. Kwalbatin da aka rage wa rodi da siminti, shi zai tona masa asiri.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da daddawa da lissafin Hukuma? Ku ne ku ke biyan kuɗin rumfa da na tasha. In kwalbati ya karye, direba ya ƙara kuɗin buhu, ƙarin nan daga aljihunku ya ke fita. In lambatu ya toshe da shara, sauro da amai da gudawa 'ya'yanku su ke fara kamawa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ga abin da na ke roƙo. Kowane layin kasuwa ya fid da mutum guda, mai karatu ko mai wayo, su tafi tare wurin kansilan mazaɓarsu. Su tambaye shi nawa ya shigo asusun Bunguɗu a watan jiya, gama Gwamnatin Tarayya ta kan buga kason kowace Ƙaramar Hukuma, ba asiri ba ne. Su nemi kwafin ƙiyasin bana. Tun 2011 akwai dokar 'yancin neman bayani, wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa takarda. A rubuta, a ajiye kwafi, a yi da ladabi, ba zagi, ba jifa. A fara tun da rani, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kansilan da ya amsa, mu gode masa ko ɗan wace jam'iyya ne. Wanda ya yi kunnen ƙashi, mu haɗu da shi ranar ƙuri'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu.