Aron Mota Zuwa Ƙetaren Iyaka

Jawabin kwamitin kula da kayan ikkilisiya a zaman dattawa



Ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, a warwatse suke. A wani gari mota ɗaya tak ke tsakanin masu bi: ita ke ɗauko amarya, ita ke kai mara lafiya, ita ke kai gawa. Da yawanmu kuma a bakin iyaka muke. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Kwangwalam zuwa Damagaram, dangi ne nan da can. Wasunmu har asibitin Galmi suke kai marasa lafiya, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1950. Don haka a kan zo wa mai mota a ce, "Baba, a ba mu aro, yaron nan zai tuƙa." Shi kuma don kunya da ƙauna sai ya miƙa makulli kawai.

Mun taɓa ganin ƙarshen irin wannan. Motar wata ikkilisiyarmu ta kwana uku a tsare a bakin iyaka. Sunan da ke takardunta na dattijon da ya ba da ita kyauta ne, shi kuwa ya riga ya huta. Saurayin da ke tuƙi ba shi da abin da zai nuna cewa da izini ya ɗauko ta. Dole aka sauke mara lafiya, aka sa ta a motar haya. Ba mu ga laifin jami'an ba. Ana ƙetarewa da motocin sata, kuma ba a rubuta gaskiyar mutum a goshinsa ba.

Abin da jami'in kwastan ko ɗan duwan ke dubawa shi ne ko sunan da ke takardar mallaka ya yi daidai da na mai tuƙi. In bai yi ba, sai takardar izini daga mai mota. A rubuta sunan mai ita da na direba, lambar mota, lambar shasi da ta inji, inda za a, da ranar dawowa. Mai mota ya sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa, a kai kotu a buga hatimi. Tun da jami'an Nijar da Faransanci suka saba aikin takarda, yana da kyau a yi kwafi ɗaya a harshen. Wasiƙar fasto tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin wannan. Motar da ke ta ikkilisiya kuwa, a mayar da takardunta da sunan ikkilisiya tun yau.

Sai inshora. Wadda muke saya a gida aikinta a gida yake. Domin ƙetare ne ƙasashen ECOWAS suka kafa tsarin katin Brown Card a 1982, wanda ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna a wata ƙasa. Amma Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Kada kowa ya dogara da yadda aka yi a da. A tambayi kamfanin inshora kafin a tashi. A kuma tuna an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A ba direba guzurin da zai ishe shi ko da tafiyar ta yi tsawo.

Abin da ya fi damunmu shi ne kaya. "Don Allah ka miƙa wa wance wannan ƙunshi." Wa ya buɗe? In aka sami taramol ko kayan fasa-ƙwauri a ciki, direba zai shiga hannu, motar ma doka ta ba da ikon a ƙwace ta, sannan a nemi wanda sunansa ke takarda. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu, ba za a ce motar wane aka kama ba. Za a ce motar coci ce. Shaidar da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa a gaban maƙwabta, buhu ɗaya ya isa ya zubar da ita.

Wani dattijo ya ce mana neman takarda a wurin ɗan'uwa rashin yarda ne. Da girmamawa, ba mu ga haka a Littafi Mai Tsarki ba. A Nehemiya 2, mutumin da ya yi addu'a kafin ya amsa wa sarki, shi ne kuma ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hayin Kogi domin su bar shi ya wuce. A Ezra 8, an auna azurfa da zinariya a hannun firistoci kafin tafiya, aka sake aunawa a Urushalima, aka rubuta. Firistoci ne fa, ba ɓarayi ba. Fitowa 22 kuma ta ce in dabbar aro ta ji ciwo ko ta mutu ba a gaban mai ita ba, mai aro ne zai biya. Mu kuwa ba mu yin wannan magana sai inji ya buga a Madawa, sa'an nan iyali biyu su daina zama a benci ɗaya ranar Lahadi.

Ba mu ce a daina ba da aro ba. Wanda ba shi da mota a cikinmu, wa gare shi in ba mu ba? Roƙonmu shi ne kowace ikkilisiya ta ajiye littafi a wurin sakatare: wa ya ɗauka, wa zai tuƙa, wa zai biya gyara, kuma dattijo ɗaya ya ga kayan da aka loda da idonsa. Mun kawo samfurin takardar izinin. Sakatarorin ikkilisiyoyi su karɓa a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa.