"ƊAN KWALBA" ƊA NE KAMAR KOWANE ƊA

Jawabi ga matasa a Farfaru, Ƙaramar Hukumar Jibiya

'Yan'uwa matasa, tambayar ita ce: yaron da likitoci suka haɗa ƙwan uwarsa da maniyyin ubansa a waje, sannan suka dasa a mahaifa, shin yana girma lafiya?

Amsar tana nan a fili. Ta farko da aka haifa ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta ne a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. Ta girma, ta yi aure, a 2006 ta haifi ɗanta ba tare da wani dashe ba. A Abuja ma, a 1998 an haifi yarinya ta wannan hanya a hannun Dakta Ibrahim Wada. Yau irin waɗannan 'ya'ya sun haura miliyan 10 a duniya, kuma likitocin da suka bi diddiginsu sun ga akasarinsu girmansu da ƙwaƙwalwarsu da karatunsu kamar na sauran yara ne.

To, ina hatsarin yake? Mafi yawa yana wajen haɗama. Sai mutum ya ce kuɗi ya kashe, a dasa masa uku a lokaci guda. Tagwaye da 'yan uku su suka fi zuwa bakwaini, ba nauyi, huhu bai ƙosa ba.  Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a riƙa dasa ɗaya.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi in akwai larura, matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma a mahaifarta aka dasa. Shigo da na wani haram ne, don nasaba ba abin wasa ba ce. Yaron ɗan sunna ne, yana da gādonsa cikakke.

Saboda haka 'yan'uwa, a bar yi wa yaro gori da "ɗan kwalba". Ba shi ya zaɓi hanyar zuwansa ba. Kuma in haihuwa ta yi jinkiri, kada a ɗora wa mace ita kaɗai, a yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙen 'yan kasuwa. Sau da dama matsalar daga namijin take. Ya cire girman kai, ya je a auna shi tukuna.

Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba.