Bayan An Tashi Daga Zaman Makoki

 Batun yau shi ne abin da ke biyo bayan ta'aziyya.

A watan Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, gidaje da dama suka rasa masu ciyar da su. Zaman makoki kwana uku ne, amma takaba, wato zaman jimamin matar mamaci, wata huɗu ce da kwana goma, maraici kuwa shekaru yake ɗauka. Saboda haka tunawa da mamaci ita ce yi masa addu'a, ita ce biyan bashinsa, ita ce riƙon marayunsa.

Jama'a, a riƙa ziyartar gidajen marayu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.