AIKIN GWAMNATI BA GANIMAR JAM'IYYA BA NE
Jawabin da aka yi wa wakilan rassa a Dakoro

Dattawa, iyayenmu mata, samari, da ku wakilan da kuka taso daga Kornaka da Birnin Lalle da sauran garuruwan kasuwa, sannunku da hanya.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta ma'aikatan gwamnati, wato mushen lakwal, da malamin likita, da likitan dabbobi, da gardin daji, da akawun da ke rubuta takardar haihuwa. Takardu iri biyu rassa suka fi aikowa a kansu. Wata ta ce a nema wa ɗan wane aiki, domin ubansa ya sha wa jam'iyya wahala. Wata ta ce a nemi a ɗauke wane daga garinmu, domin ba namu ba ne. To, amsar duka biyun ɗaya ce, a'a. Ku saurari dalili.

A zamanin Nasara aikin gwamnati hawa biyu ne. Bature a sama, ɗan ƙasa a ƙasa, ko da ya gama makarantar William Ponty ta Senegal. Aiki ɗaya, albashi dabam. Sai a 1950 dokar Lamine Gueye ta ce a daidaita su. A 1956 dokar Defferre ta ba kowace ƙasa gwamnatinta ta cikin gida, a 1957 Djibo Bakary ya ja ragamar tamu, daga nan ne ikon ɗaukar ma'aikaci da canja masa wuri ya fara shigowa hannun ƴan ƙasa.

Me muka yi da wannan iko? Bayan ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 Djibo ya sauka, Diori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. Malamai da akawuna da aka sani da ra'ayinta, wasu aka kore su, wasu aka jefa su nesa, wasu aka ɗaure su. Ƙasar da masu ilmin boko ba su taka kara sun karya ba, sai ga ta tana zubar da nata, alhali ran 3 ga Agusta 1960, da aka sami mulkin kai, Turawa na nan cikin ofisoshi da yawa. Sai a 1963 aka buɗe makarantar koyon aikin mulki a Yamai.

Yanzu mu dawo gida. A 1947 Nasara suka kafa bariki a Dakoro, a 1964 ta zama gunduma a ƙarƙashin Maraɗi, a 2011 aka yanke Bermo daga jikinta. Ƙasa ce mai faɗi, gonaki a kudu, makiyaya a arewa, ga dokar 1961 da ta shata wa noma iyaka. Bahaushe da Bafillace da Buzu suna haɗuwa a bakin rijiya ɗaya. Ma'aikacin da aka kawo nan sai ya yi shekaru kafin ya san rijiyoyi da burtaloli, ya san hakimai da ardo-ardo, ya san wanda ake jin maganarsa in rigima ta tashi. Idan aka ɗauke shi duk sa'ad da iskar siyasa ta juya, sabon zuwa zai fara daga fari. Idan kuwa don horo aka turo shi, da fushi zai zo, rabin watansa a Maraɗi zai yi shi yana neman canji. Wa ya yi hasara? Mai naƙuda da ta tarar da likita a rufe, da yaron da ya zauna aji ba malami.

Sai batun albashi. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni ba a biya su ba, a 1994 aka karya darajar sefa da rabi, yajin aiki ya rufe lakwal. Ma'aikacin da ba a biya ba, a aljihun talaka zai nemi abincinsa.

Saboda haka abu 4 muke so kowane reshe ya riƙe. Na fari, a ɗauki ma'aikaci da jarrabawa, ɗan sarki da ɗan talaka su zauna benci ɗaya. Na biyu, a bar shi ya daɗe a wurinsa, kada a mai da Dakoro gidan horo. Na uku, a biya shi ƙarshen kowane wata. Na huɗu, wanda ya ci hanci ko ya bar aiki ba izini a hukunta shi, ko da namu ne.

Naku aikin shi ne sa ido. In ma'aikaci ya cuci jama'a, ku rubuta ranar da abin ya faru da sunayen shaidu, ku kai wa parfe. Kada ku tambayi katin jam'iyyarsa. Hausawa sun ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere, domin mulki yau naka ne, gobe na wani, ɗanka kuwa yana iya zama ma'aikaci a hannun wancan.

A karanta wannan a kowane reshe ran kasuwa. Allah ya maishe ku gida lafiya. Wassalam.