Waƙa Ma Takardar Shaida Ce

Jawabin Sakatare a taron iyaye



Mun taru a kan maganar takardar shaidar ɗan asali. Yaro an haife shi a Jekadafari, uban ma nan aka yanke masa cibiya, amma in ya je neman takardar sai a ce ya koma Kano ko Katsina, garin da bai taɓa kwana ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali. To, sai dai takardar doka ba ta da baki. Mutane ne ke mata magana, kuma a wurin Bahaushe mawaƙa ne kan fara.

Ku tuna Malam Sa'adu Zungur, ɗan Bauchi, lardin da Gombe take ciki a zamaninsa. Ya yi sakataren NCNC a Ikko, ya ga masu kiran Nijeriya ɗaya ba su damu su san Arewa ba. Sai ya dawo ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", yana faɗa wa sarakuna su gyara tun kafin a gyara musu. Mudi Sipikin na NEPU ya mayar masa da martani da tasa waƙar, ya ce jumhuriya kawai. Ga shi sun saɓa, amma dukkansu da Hausa suka yi gardamar, ba su jira an ba su izini da Turanci ba. Aƙilu Aliyu kuwa mu ya juya wa bulala a "Hausa Mai Ban Haushi", domin masu jin kunyar harshensu. Wannan ta fi zafi, don har gobe muna da su a gidajenmu.

Ba mu kaɗai ba ne. A Pakistan, mawaƙin Fashtu Ghani Khan ya sha ɗauri daga 1948 zuwa 1954, kuma sai a 2010 aka sa sunan ƙabilarsu a jikin lardinsu.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba faɗa muke nema da Fulani ko Tera ko Bolawa ba. Surukanmu ne, maƙwabtanmu ne. So muke a san yaushe muka zo, da abin da muka gina.

Mu da muka koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci mun san abin da ba a rubuta ba tafiya yake. Tsofaffinmu suna da waƙoƙin daka da na fataucin auduga masu ambaton unguwanni da sunayen kakanni. Bara mun rasa biyu daga cikinsu, ba mu ɗauki ko baiti ɗaya ba.

Saboda haka kowane gida ya zo da tsohuwarsa ko tsohonsa ajin ranar Asabar bayan la'asar. Littafi da biro suna wurinmu.