Ba a fafe gora ranar tafiya: jawabi ga ƴan tafiya kan ɗaliban sakandare

Kwankwasiyya, Amana.

An ce in yi magana kan ilimi. Na san abin da kowa ke jira in lissafo. Jami'ar Wudil da aka kafa a 2001, Jami'ar Northwest a 2012, ciyar da ƴan firamare, ɗalibai 501 na rukunin farko da Jagora Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura ƙasashen waje, da 1,001 da gwamnatin Kano ta ɗauka a 2023, waɗanda aka kai Indiya da Uganda. Duk gaskiya ne, kuma muna alfahari da su. To amma yau ina so mu koma baya kaɗan, mu leƙa ajin SS2.

Dalili kuwa shi ne, tallafin 2023 na masu digiri mai daraja ta ɗaya ne. Kafin yaro ya samu wannan, sai ya shiga jami'a. Kafin ya shiga, sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan ya ci JAMB. Ɗan talakan da ya faɗi a nan, ko jirgi goma aka tanada ba zai hau ɗaya ba. Kun ga ke nan a nan ake yi mana asara, shiru, ba wanda ya ɗauki hoto.

Mu duba JAMB ɗin. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, a kan kwamfuta: 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, maki 400. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna, sama da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Yanzu ku hasko yaron da ya gama makarantar gwamnati a karkara, bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Wallahi kafin hannunsa ya daina rawa, lokaci ya tafi. Wani ma ya san amsa, amma tun wajen cike fom ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da yake so ba, saboda babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 na gurabensu ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, kuma Kano na ciki. Sai dai gurbin ba ya zuwa gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai yaro ya kawo maki.

Magana ta biyu, tarbiyya. Kowa a nan ya san daba da ƙwacen waya da shaye-shaye, kuma ya san shekarun yaran da ake kamawa. Da yawansu sun yi makaranta, suka zame a hankali. Yau ya yi latti an zane shi, gobe ya tsallake katanga, jibi ya samu majalisar da ake kiransa oga. Shekara nawa muna bulala? Da ita kaɗai ke gyara yaro, da tuni mun huta. Abin da malamai masu ƙwarewa ke yi ba ya cin kuɗi. A kafa dokoki kaɗan da kowane ɗalibi ya haddace. A yabi yaro a asambili idan ya yi wata guda bai yi fashi ba, yadda ake kiran sunansa idan ya yi laifi. Mai taurin kai a ba shi aiki, monita ko kula da ɗakin karatu. Idan yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a aika gidansu, kada a jira ƙarshen zango.

A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, kuma zan faɗa ko ba ta yi daɗi ba. Yaron da ya bar aji, mai sayensa na farko ɗan siyasa ne, na kowace jam'iyya. Mu da muke cewa ilimi ne tambarinmu, bai kamata a ga ɗan makaranta da jar hula a bayan mota ranar karatu ba. Haka nan satar amsa. Uban da ya kai ɗansa cibiyar da ake rubuta amsa a allo ya saya masa takarda ne kawai, shekarar farko a jami'a asiri zai tonu. Duk wanda ke cikin tafiyar nan ya nisanci wannan.

Na uku, masu hazaƙa. Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka riƙa zaɓo yara ta jarrabawa, aka ba su kwana da abinci da ɗakunan gwaji da malamai na gaske. Ku shiga asibitocin Kano ku tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ku sha jin sunan Dawaki. Gwamnatin tarayya tana da irin tata a Suleja, Jigawa kuma ta yi tata a Bamaina zamanin Sule Lamido. Darasin ɗaya ne: hazaƙa tana ko'ina, sai an fita an nemo ta.

Wasu za su ce ware masu ƙoƙari wariya ce, a gyara dukkan makarantu mana. Na yarda a gyara duka, wannan shi ne babban aikin gwamnati. Amma ɗan mai kuɗi idan yana da kai, ubansa zai kai shi makarantar kuɗi. Ɗiyar mai sayar da ƙosai a Sumaila ko Tsanyawa fa, wa zai kai ta? Sharaɗin kawai shi ne jarrabawar shiga ta zama ta gaskiya. Ranar da katin wani babba ya fara shigar da yaro makarantar kimiyya, ranar aka fara kashe ta. Ko ɗan wane ne, ko namu ne, ya zauna ya ci.

To me ya rage gare mu? Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma babu mazaɓar da ba mu da mutane. Ga roƙona. Kowace mazaɓa ta nemi aji ɗaya a makarantar unguwa, da izinin shugabanta, don darasin Asabar da Lahadi: Turanci, Lissafi da kimiyya, ga ƴan SS2 masu jiran kwalifayin da ƴan SS3. Waɗanda suka ci gajiyar tallafin karatu, ku ne malaman. Awa biyu a mako ba ta fi ƙarfin wanda aka kai Indiya kyauta ba. A haɗa kuɗi a kai yara cibiyar kwamfuta ko sau uku ne kafin JAMB, a tabbatar kowa ya yi lambar NIN da wuri, tunda ba a rajista sai da ita. Iyayenmu mata, ku kuka san gidan da yarinya mai kai ke shirin ajiye karatu, ku kawo mana sunanta. Sannan kada a tambayi yaro jam'iyyar ubansa a bakin ƙofa.

Shugabannin mazaɓu, a zama na gaba muna son jin sunan makarantar da aka samu, da yawan ɗalibai, da malaman da suka ba da suna. Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba mu ikon riƙe amana.