AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kayan Ɗaki A Siton 'Yan Sari

 Yau jakar tamu cike take, amma wasiƙa ɗaya tak zan ɗauka. Sauran ku yi mini haƙuri sai mako mai zuwa, domin abin da ke cikin wannan ɗin ya shafi gidaje da yawa, musamman yanzu da kaka ta ƙarato, bukukuwa kuma suna tafe.

Wasiƙar ta fito ne daga Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba a ƙasar Zuru, Jihar Kebbi. Wata baiwar Allah ce ta sa ɗanta ya rubuto mata, ta kuma roƙe ni kada in faɗi sunanta, wai dangin wanda zai auri 'yarta su ma ba sa barin shirin nan ya wuce su. To, na ji, bakina kuma ƙanin ƙafata. Tun da ta buɗe wasiƙar da cewa "ƙanena", ni ma Yaya zan kira ta.

Ta ce maigidanta ya rasu shekara uku ke nan, Allah ya ji ƙansa. Za a ɗaura auren 'yarta ta fari in an gama girbi. Kwanan baya wata maƙwabciya ta nuna mata hoton bidiyo a waya, wani katafaren sito a Kano, an jibge kuloli da tangaran da tukwane da labule da agogon bango da furannin roba har rufi, wani saurayi yana ta shela wai an karya farashi rabi. Abin da take da shi, dawar da take sa ran cirewa bana, da shanun huɗa biyu da marigayi ya bari. Tambayarta ita ce, ta sayar da dawar da sa ɗaya ta hau mota ta tafi Kano, ko kuwa?

Yaya, kafin komai, san nan ki bar shi a turkensa. Sa ɗaya ba ya huɗa. In kika sayar da ɗaya, kin sayar da biyun ke nan, baɗi kuma sai kin yi hayar garma ko ki bar gona ta kwanta, ga ƙannen amarya suna jiran tuwo. Wannan ba ma sai mun ja ta da nisa ba. Maganar sito ce ke buƙatar zama.

Sito gaskiya ne, ba ƙarya aka nuna maki ba, ko da yake ban san wanda ke cikin hoton ba. A Kano kowace kasuwa da abin da ta shahara a kai. Kantin Kwari ta atamfa ce da yadi, a nan ake samun labule da zannuwan gado. Singa ta kayan masarufi ce. Ƙofar Wambai ta yi suna wajen kayan roba da gwanjo. Kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi, nan ne matattarar kayan kicin da tangaran da kayan wuta. Manyan diloli suna shigo da kwantena daga ƙasar Sin, ta sauka a Legas, a ɗoro ta a tirela zuwa Arewa. Wani kayan kuma, musamman roba, a nan Kano ake yinsa, a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Dila yana sayar wa ɗan sari katan-katan, ɗan sari ya sayar wa mai shago dozin-dozin, mai shago ya kawo maki Zuru ko Dirin Daji ya sayar maki ɗai-ɗai. Kowane hannu da ladansa. Saboda haka wanda ya je tushe lalle zai sami sauƙi.

Amma akwai sharaɗi, shi ne kuma ba a faɗa a cikin bidiyo. Farashin sari na mai sayen katan ne. Ke kuwa ba kula goma sha biyu iri ɗaya kike so ba, saiti ɗaya kike so. Da kin ce a fasa maki katan, farashi ya tashi daga na sari ya koma kusa da na shago. Sannan sito ba kamar kantunan nan ba ne da ake manna wa kaya farashi, irin su Kingsway da Leventis na zamanin iyayenmu, ko Shoprite da ya buɗe a Kano a 2014 ya rufe a farkon 2024. A sito farashi a bakin mai kaya yake, kuma kafin ya faɗa sai ya dubi takalminki ya saurari harshenki. Da ya ji baƙuwa ce, shi ke nan. Tun ma kafin ki kai ƙofar, akwai 'yan kamasho da za su tare ki da fara'a, su karɓi jakarki, su ce su yaran Alhaji ne. Ladan wannan fara'ar a cikin kuɗin kayanki za a cire shi.

To, bari in koma sana'ata ta farko, domin kafin in zo gidan rediyo alli na riƙe, lissafi kuma nake koyarwa a aji biyar. Misali kawai zan yi, kada wani ya ce na yanke farashi. A ce kayan da kike so za su ci naira 300,000 a Zuru ko Kontagora, a siton Kano kuma naira 240,000. Kin sami rarar 60,000, ko ba haka ba? Madalla. Yanzu ki aiki yaron nan da ya rubuto wasiƙa ya je tasha ya tambayo kuɗin mota zuwa Kano, zuwa da dawowa, na mutum biyu, don na san ba za ki tafi ke kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ba abin da za a yi wa kintace ba ne. Ya ƙara da abincin kwana biyu ko uku, da ɗan abin da za ki riƙa wa masu masauki, da kuɗin ɗan dako, da kuɗin da direba zai caza a kan kaya, don katan ba ya hawa mota kyauta. In ya tara, ya ɗebe daga 60,000 ɗin, ya karanta maki abin da ya rage. Ban sa kuɗin farantan da za su fashe a ramukan hanya ba. Ban kuma sa abin da ba ya lissaftuwa ba, wato halin da hanyoyinmu suke ciki, ko ta Anka da Gusau aka bi, ko ta Tegina da Birnin Gwari. Ku mutanen Sakaba ba ni zan ba ku labarin wannan ba.

Lissafin nan yana juyawa ne idan kun haɗu. Na tabbata ba ke kaɗai ce za ki aurar da 'ya a Dirin Daji bana ba. In ku huɗu kuka haɗa kuɗi, rarar ta zama 240,000, kuɗin motar kuwa na mutum ɗaya ne ko biyu, sannan kun isa sayen katan sukutum ku zo gida ku raba. Nan ne sito yake da amfani. Ku sami wanda ya saba da kasuwar, mai amana, ko ma ɗan kasuwar garinku da ke zuwa sari, ku ba shi jerin kaya a rubuce, ku yi masa lada a fili. Kada kuma ku raina Kontagora. Tana kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Yawuri da Koko da Jega zuwa Sakkwato, manyan motocin kaya ta nan suke wucewa. A fara tambayar farashi a can kafin a ɗauki doguwar hanya.

Abin da ban yarda da shi ba sam, shi ne a tura kuɗi ta waya ga wanda ba a taɓa gani ba, don kawai an ga sito a hoto. Sito na kowa ne a hoto. Kowa yana iya tsayawa a gaban kayan wani ya yi shela.

Sai kuma tambayar da ya kamata duk mai saye ya yi wa kansa: me ya sa aka karya farashin? Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani lokaci dila ne kuɗi ya tsaya masa, sabuwar kwantena tana hanya, yana neman wuri da kuɗin fito. Wani lokaci kuma yayin kayan ne ya wuce. Wannan ita ce arahar da na fi so, in kin same ta ki rungume. Ni na tashi na ga ɗakin mahaifiyata da jeren kwalla da langa tun daga ƙasa har kusa da rufi, ita kuma tana ba mu labarin zamanin ƙorai da tasoshi. Daga baya aka shiga yayin samira, aka zo na tangaran a cikin kabad, yau ga mu a zamanin kuloli masu ruwan zinariya. Kular da aka yi yayinta bara tana riƙe zafin tuwo daidai da ta bana, fulawar jikinta ce kawai ta bambanta.

Amma akwai arahar da ciwo ne a jikin kayan. Wanda kamfani ya ware saboda tabo, saitin da murfi ɗaya ya ɓata, tangaran mai tsaga siririya kamar gashi. A nan ni ma an taɓa shafa mini. Lokacin auren ƙanwata na shiga wani sito, ba zan faɗi ko wane ba, aka nuna mini saitin faranti mai kyau a kan tebur, na yaba, na biya. Yaro ya shiga ciki ya fito da katan a liƙe, ya ce sabo dal, ko buɗe shi ba a yi ba. Ni kuma da ganin kaina malami, sai na ji kunyar in ce a buɗe. Sai ranar jere, a gaban mata cike da ɗaki, aka yanka katan. Faranti biyar a tsage, kwanon miya babu murfi. Da na duba rasit, a ƙasa an buga da ƙananan baƙaƙe wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Har yau in ƙanwar tawa tana son ta tsokane ni, sai ta zuba mini abinci a ɗaya daga cikin masu tsagar.

Daga baya na san cewa rubutun nan ba shi ne doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta shekarar 2018, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, akwai kuma hukumar FCCPC da aka kafa don haka. Sai dai Yaya, ke da ke Dirin Daji, sake hawa mota zuwa Kano saboda faranti biyar ya fi farantan tsada. Don haka shari'arki a bakin sito za ki yi ta, kafin kuɗi ya bar hannunki.

A buɗe kowane katan a gabanki, a ƙirga. Wanda aka buɗe shi za a ɗaure, kada a shiga da shi ciki a ce za a sake maki sabo. Tangaran ki ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Bokiti da baho ki ɗaga su saitin rana, ki matsa gefensu, ki sansana. Robar da aka narko daga tsofaffin robobi launinta ba ya fita sosai, tana da wari, tana kuma saurin tsagewa in ta sha rana. Ta yi wa wanki da shara, amma ban da ruwan sha da abinci mai zafi. Cokula da tukwanen silba masu ƙyalli, ki tafi da ɗan maganaɗisu irin na tsohuwar lasifikar rediyo. Galibi mai kyau ba ya kama shi sosai, wanda ya manne masa caraf kuwa ki yi hattara, yana iya yin tsatsa. Kula kuma ki duba murfinta ya zauna daram, ki ɗaga ki ji nauyinta, don marar nauyi yawanci ba abin da ke tsakanin bangonta sai iska. A rubuta maki rasit mai sunan shago da lambar waya, kowane kaya da adadinsa.

Akwai abu ɗaya da ba ki faɗa mini ba a wasiƙar, shi ne kuwa ya kamata ya rubuta jerin kayan: ina amaryar za ta zauna? In gidan da za a kai ta da itace ko gawayi ake girki, tukunyar nan mai baƙin shafe a ciki, wadda ake cewa abinci ba ya kamawa, ba za ta ga watan Azumi biyu ba, wuta za ta cinye hannunta, ludayin ƙarfe ya kankare shafen. Tukunya mai kauri za ki nema. In wutar lantarki sai an ga dama ake kawowa, na'urar markaɗe da butar lantarki ado ne kawai, kuɗinsu ya fi amfani a katifa mai kyau da fitila mai aiki da hasken rana. Katifa da tukunya da bokiti su ne ake taɓawa kullum, a nan ake sa kuɗi, a nan ne sayen nagari yake mayar da kuɗi gida. Labule da agogon bango da furanni kuwa, nan ki nemi araha iyakar iyawarki, ba wanda zai mutu don fulawar roba ta koɗe.

Na san abin da ke cin ranki, ko da ba ki rubuta shi ba. Ranar jere ce, da bakin dangin miji, da kada a ce don marainiya ce aka kawo ta da ɗaki fayau. Ba zan ce maki wannan ba komai ba ne, ni ma na ga yadda ake leƙa ɗaki ana taɓe baki. Amma malamai sun sha faɗa mana cewa kayan ɗaki al'ada ce, ba sharaɗin aure ba. Masu leƙen nan kuma kwana ɗaya za su yi su watse, ba kuwa wadda za ta aiko maki da tiya ɗaya ta dawa a watan Yuli.

Dawar ma ki yi mata lissafi. Kin fi ni sanin cewa da kaka hatsi ba ya daraja, kowa ya kawo kasuwa. Buhun da kika sayar da araha a Disamba, shi za ki saya da tsada in damina ta yi nisa. Ki fara ware abincin gida na shekara, ki rufe rumbu. Abin da ya yi saura shi ne kuɗin kayan ɗaki, ko nawa ne. In bai kai ba, baffannin yarinyar nan suna da haƙƙi a kanta, 'yar ɗan'uwansu ce, ki sa a gaya masu tun yanzu, kada a bari sai saura mako biyu. Abin da bai samu ba kafin biki, a kai mata shi lokacin suna in Allah ya kawo rabo.

Yaya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. In an yi biki ki sa yaron nan ya sake rubuto mana, ina son in ji ko kun sami haɗuwar ku huɗun, da kuma abin da tasha ta ce game da kuɗin mota. Mai sauraronmu na Mahuta da ya yi tambaya a kan takin zamani, wasiƙarka na hannuna, da ita za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.